Riƙon Iri a Dakko

Jan biron Malam Mas'udu ya ratsa takardar daga wannan kusurwa zuwa waccan, a hankali, kamar mai yanka sabulu. Karo na uku ke nan. Jessica tana tsaye gaban teburin, hannuwa a baya. Ta kasa kallon takardar, ta kasa kallon fuskarsa, sai ta kafa ido a kan makullan motarsa da ke ajiye a gefe. A jikin zoben makullan akwai wani tsohon ƙyallen atamfa a ƙulle, shuɗi mai ɗigon rawaya, ya koɗe ya yi duhu don shan hannu. Babu ɗalibin sashen nazarin zamantakewa da bai san ƙyallen nan ba. Wasu sun ce laya ce, wasu kuwa sun ce a ciki ya ƙulle tausayinsa don kada ya zube.

"Tasirin kafafen sada zumunta ga tarbiyyar matasa," ya karanta, yana jan kowace kalma. "Ke ce ta goma sha ɗaya da ta kawo mini wannan a bana. Wurin Lazarus kika samo?"

Ta gyaɗa kai. Lazarus shi ne mai shagon kwamfuta na bakin ƙofar kwaleji. Ya kwaso maudu'an bincike ɗari biyu daga intanet ya manna a bango, ɗaliban shekarar ƙarshe suna zuwa suna zaɓa kamar masu zaɓen tumatir. Nan Jessica ta ɗauko illar shaye-shaye, aka soke. Ta koma ta ɗauko rashin aikin yi, aka soke. Yau ga na uku ya bi 'yan'uwansa.

Malam ya tuna mata abin da ba ta manta ba: da ƙarfe huɗu na yammacin yau zai miƙa wa shugaban sashe sunayen waɗanda aka amince da maudu'insu, wanda babu sunansa sai baɗi. Sannan ya tambaye ta ta ina ta biyo da safen nan. Ta ce ta kasuwa. Ya ce yau Talata, mutanen ƙananan hukumomi uku suna cikin kasuwar nan ta Mafara, amma ta ratso su kaf ba ta ga ko mutum ɗaya yana yin abin da ya ba ta mamaki ba?

"Ban lura ba, Malam."

"To ki je ki lura. Mutane muke karantawa a nan, ba bangon Lazarus ba."

Baɗin nan da yake faɗa a sauƙaƙe, ita Jessica ba ta da shi. Babanta, Ezekiya, zai yi ritaya a ƙarshen Disamba bayan shekara talatin da biyar a aikin noman rani. Gidan gwamnatin da aka haife ta a ciki za a karɓe, iyali duka za su tattara su koma Zuru, garin da ita ba ta sani ba sai da Kirsimeti. Babanta ya riga ya yanke: in ta gama, ta biyo su da takardarta, in ba ta gama ba, ta biyo su haka nan, don ba zai bar 'yarsa ita kaɗai a gidan haya shekara guda ba. Shekara huɗu na karatu ke nan suka rataya a kan layi ɗaya da ta kasa rubutawa. Tsoro ya kama ta sosai.

Ta isa gida goma saura, ta tarar da mamarta, Comfort, zaune a ƙofar kicin da gwiwarta mai ciwo a miƙe, tana cusa wani abu a buhu. Zangarniyar dawa ce, guda bakwai, manya. Jessica ta san dawar. Kunya uku ce a bayan kicin, jikin katanga, wadda mamar ke shukawa duk damina shekara shida ke nan, kuma ba ta yarda ko akuya ta kalle ta da kyau. In ta fara fitar da kai sai ta bi ta saka wa kowane kai tsohuwar safar Baba. Sau nawa Jessica ta ji kamar ta nutse in ƙawayenta suka zo suka ga dawa sanye da safa!

Mama ta ce ta ɗauki buhun ta kai Dakko, ta tambayi gidan Nagode, ta ce Comfort ta kwatas ɗin ma'aikata ta maido amana domin tafiya ta kama su. Da kanta ta so zuwa, gwiwa ta hana.

Nan fa Jessica ta fashe. Ta faɗi jan biro, ta faɗi ƙarfe huɗu, ta ce rayuwarta na rushewa ana aikenta da dawa. Mama ta saurare ta har ta kai aya, tana ɗaure bakin buhu da igiya.

"Zama a ɗaki zai haifo miki maudu'in? Ki yi kukan a mota, hanya ɗaya ce."

Haka kuwa aka yi. Ta shiga motar Bakura a kujerar baya, buhu a kan cinya, an matse ta tsakanin wata mai ƙwaryar nono da wani dattijo mai sabuwar buta. Gonakin shinkafa suna wucewa, magudanan ruwa suna walƙiya, ga dammunan gero an jingina ko'ina domin kaka ce, amma ita idonta na kan waya. Maudu'ai hamsin ga ɗaliban zamantakewa. Maudu'ai ɗari masu sauƙi. Duk ta san su, duk suna bangon Lazarus. Daga Bakura ta hau mashin, kafin sha biyu ya sauke ta a ƙofar wani gidan ƙasa a Dakko.

Nagode tsohuwa ce 'yar ƙarama, baki ja da goro, hannuwa kamar busasshen reshe amma da ƙarfin kamu. Ba ta bari an zo kan magana ba sai da aka gaisa yadda ya kamata: kwana, gajiya, hanya, gida, Comfort da gwiwarta, maigidan da aikinsa, mutanen Mafara, damina da yadda ta kwashe, sannan aka sake komowa kan gajiya. Jessica tana amsa lafiya lau, tana satar kallon agogon waya. Da saƙon ya fito, tsohuwar ta ce Allah ya sa tafiyar ta zama alheri, amma ta yi rashin 'yar riƙo ta gari.

Ta kwance buhun, ta ɗaga zangarniya ɗaya ta shinshina, ta ɓare ƙwaya ta ciza. Ta gyaɗa kai, ta ce Comfort ta iya riƙo, ko ƙwaya ɗaya ba ta gauraya ba. Sai a lokacin Jessica ta ga abin da aka ɗaure kawunan da shi: wani siririn ƙyallen atamfa, shuɗi mai ɗigon rawaya. Makullan Malam suka faɗo mata a rai. Amma nan take ta tsawata wa kanta. Mata dubu nawa suka ɗaura atamfar nan a zamaninta?

Ta tambaya, don dai a ce ta yi magana, ko Inna sayen dawa take yi. Nagode ta kyalkyale da dariya har goro ya so sarƙe ta.

"Shekara shida abu na bayan ɗakinku ba ki san ko mi ne ba? To mi ake koya muku a makarantar? Taso."

Ta ja ta zuwa wani dogon ɗaki a ƙuryar gida, marar taga. A kusurwa akwai kasko da ganyen dogon yaro yana fitar da siririn hayaƙi, don korar ƙwari. Da farko Jessica ba ta ga komai ba sai duhu. Da idonta ya saba, ta ɗaga kai.

Ba a ganin azarar ɗakin ko ɗaya. Daga bango zuwa bango kawunan hatsi ne a rataye, jere bayan jere, sun sauko har suna shafar kan mutum. Ga jar dawa kamar garwashi, ga fara, ga kaura mai ruwan ƙwai, ga wata baƙa wuluk da ba ta taɓa sanin akwai irinta ba. Ga gero mai kai tsawon hannu, ga gajere mai gashi, ga maiwa. A jikin bango goruna ne na wake da kwaruru da riɗi da sure. Kowane ƙunshi kuma da ƙyallensa: atamfa, shadda, leshi, bakin mayafi, har da yankin rawani. Ɗakin yana ƙanshin rumbu da hayaƙi. Jessica 'yar ma'aikacin gona ce, amma a iya saninta dawa dawa ce, gero gero ne. Ta ji tsigar jikinta ta tashi, kamar ranar da ta fara shiga babbar majami'a tana ƙarama, har ta rage murya ba tare da an ce ta rage ba.

"Inna, duk na wane ne?"

"Na mutanen da ba su gida."

Suka zauna a kan tabarma, Nagode ta warware mata. Kowane gida na manoma yana da irinsa da ya gada, wanda ya san ƙasarsa, wanda tuwonsa ya saba da bakin 'yan gidan. Shekarun nan da 'yan bindiga suka tayar da ƙauyuka, mutane sun riƙa biyowa ta Dakko da kaya a ka, suna neman inda za su raɓe. Wanda zai zauna a ɗakin haya a birni, ina zai shuka? Iri kuwa ba zinariya ba ne da za a ajiye a akwati. In ya shekara biyu uku bai ga ƙasa ba, ya mutu. Wata mata ce ta fara tsayawa neman ruwa, ta kwance bakin zanenta ta ba Nagode tafi ɗaya na gero, ta ce a riƙe mata. Daga nan labari ya bi baki.

Ita kaɗai ba za ta iya shuka su ba, domin in iri ya kusanci iri sai su auri juna, a rasa na kowa. Shi ya sa ta raba su ga mata, yadda ake ba da yaro riƙo. A Dakko, a Damri, a Birnin Tudu, a Bakura, har cikin Mafara, mata sittin da 'yan kai, kowacce da nata a bayan ɗaki, nesa da na wani. Akwai Hausawa, akwai Fulani, akwai 'yan coci irin Comfort, wadda suka haɗu a layin asibiti hira ta kai su ga wannan. Mai riƙo ta ci abin da ta noma, halal ɗinta ne. Sharaɗi kawai, da kaka ta kawo kai bakwai mafi kyau, kada ta sayar a matsayin iri, kada kuma ta tambayi sunan mai shi.

Sai maganar ƙyalle. Mai kawo iri zai yagi bakin tufarsa, a raba uku. Ɗaya ya tafi da shi, ɗaya a ɗaure a nan ɗakin, ɗaya ya bi mai riƙo. Ranar da aka dawo, ko shi ko ɗansa ko jikansa, ƙyalle ne shaida.

Jessica ta tambayi littafin da ake rubuta sunaye. Nagode ta nuna goshinta. Ɗari da arba'in da bakwai ne, ta ce, in ba a kawo wani yau ba. Jessica ba ta yarda ba, jinin makaranta ya motsa. Ta miƙe ta riƙa nuna ƙunshi nan da can, tsohuwar tana amsawa ko ɗaga kai sosai ba ta yi. Wancan na gidan maƙera ne, kwana saba'in yake nuna, yana hannun wata a Damri. Wannan tsuntsu ba ya son shi saboda gashinsa. Waccan jar ta kunun mai jego ce, an yi fari ta ƙi mutuwa. Sau goma sha tara Jessica ta nuna, sau goma sha tara aka ba ta tarihin gida guda. Ikon Allah! Ita da take neman layi ɗaya tun watan jiya.

Ta tambaye ta me ya sa ta ɗora wa kanta wannan wahala. Nagode ta ce tana amarya aka gina dam, aka tashi garinsu, a cikin hidimar ƙaura geron uwarta ya salwanta. An ba su wani iri, ya yi kyau ma, amma har tsohuwar ta koma ga Allah ba ta daina cewa tuwo ya daina daɗi ba.

Suna cikin haka aka yi sallama. Wani dogon Bafulatani ne, ya ce sunansa Sambo. Bayan an sha gaisuwa ya cire hularsa, ya zaro wani farin ƙyalle daga cikin naɗinta. Ya ce an fara komawa wajensu, yana so damina mai zuwa ta same shi a gonar ubansa. Nagode ta karɓa, ta shiga tsakiyar ɗakin kai tsaye, ta sa sanda ta sauko da wani ƙunshin maiwa. Ta haɗa bakin ƙyallen biyu, yagar ta zauna daidai. Ta ba shi kai biyar, ta mayar da biyu sama, ta ce sai ya aiko cewa ya girbe lafiya za ta sallami mai riƙo. Sambo ya riƙe kawunan a ƙirji kamar jariri. Maimakon godiya, sai ya juya ya fuskanci bango na ɗan lokaci. Jessica ta sunkuyar da kai, ita ma idonta ya cika.

Bayan ya tafi, Nagode ta ɗauki dawar da Jessica ta kawo za ta rataye. A sama akwai ta bara, da irin ƙyallen nan shuɗi. Ta ce tunda Comfort ta sauke riƙo, yanzu babu laifi a faɗa: Taibatu ce mai ita, daga Tungar Bappa a ƙasar Maradun. Ta biyo da yamma ita kaɗai, ta ce za ta wurin ɗanta a birni, kafin shuka za ta dawo. Ba ta faɗi sunan ɗan ba, ba ta faɗi birnin ba. Bayan shekara biyu wani ɗan garinsu ya ce ta rasu. Babu wanda ya taɓa zuwa da ƙyallenta.

"To Inna, in ta rasu, don me ake ta shukawa?"

Tsohuwar ta dube ta kamar ta yi tambayar yara.

"Ba ta ce in daina ba."

Kiran sallar azahar ne ya dawo da Jessica duniya. Ta duba waya: biyu da minti goma. Ta durƙusa gaban tsohuwar, ta faɗa mata gaskiyar halin da take ciki, ta roƙi izinin ta yi bincikenta a kan wannan riƙo. Nagode ta ce ita ba ta ga abin rubutu a ciki ba, amma in za a yi, da sharaɗi biyu. Kada sunan mai iri ko inda ya koma ya shiga takarda, don ba don a sani suka ba ta ba. Sannan mai son tambaya ta zo da fartanya, matan nan ba su da lokacin zama a yi musu tambayoyi hannu rabbana. Ta kwance ƙyallen Comfort ta danƙa mata, ta ce in ta samu mai amana a Mafara da zai karɓi riƙon, ta ba shi. Da ta ji labarin komawa Zuru kuwa, dariya ta yi, ta ce ashe ita ma riƙonta Mafara ta yi, ga masu ita sun zo karɓa.

A motar komawa ta juya takardar da aka soke da safe, ta rubuta a bayanta a kan gwiwa. Ta soke, ta sake, ta soke. Kusa da gari suka tarar da 'yan kasuwa sun fara watsewa, motocin shanu sun cushe hanya. Ta sauka ta tari mashin, daga ƙofar kwaleji kuma ta sa gudu, ta wuce shagon Lazarus ko waiwaye babu. Huɗu saura kwata ta yi sallama a ofishin, tana haki, ƙaiƙayin dawa a jikin rigarta.

Malam Mas'udu yana jera takardu a fayil. Ya karɓi tata ba tare da ya ce ta zauna ba, ya karanta: riƙon iri, yadda matan karkara ke raya irin shukar iyalan da suka bar garuruwansu, a ƙasar Bakura. Ya sake karantawa. Ya tambaye ta wa ya taɓa rubutu a kai, ta ce ba ta san kowa ba. Ya tambayi mutum nawa za ta tattauna da su, ta ce sittin da 'yan kai, amma sai ta yi musu noma. Ya tambayi jerin sunayen masu irin, ta ce gida ɗari da arba'in da bakwai ne, duk a kan wata tsohuwa a Dakko suke, an hana ta rubutawa, kuma ta yi alkawari. Ya ajiye takardar, ya ɗauki jan biron.

Ya ce shekara goma sha takwas yana koyarwa, shi ɗan ƙasar nan ne, bai taɓa jin wannan abu ba. Tsohuwar da ba ta karatu ta riƙe gida ɗari da arba'in da bakwai a ka, babu littafi, babu shaida? Labari ne mai daɗi, amma ɗalibin da ƙarfe huɗu ta matso yakan iya ƙaga labari mai daɗi. In wani ya zo ya ce irin ubansa ne, da me za a gane?

Jessica ta ƙara riƙe jakarta. Tun a mota take kokawa da zuciyarta a kan ƙyallen da ke jakarta. In ta yi kuskure, ta taɓa wa mutum abin da ba a taɓawa, a ranar da wuyanta ke hannunsa. Don haka ba ta ce komai a kan makullansa ba. Tambayarsa kawai ta amsa. Ta ce akwai shaida: mai iri yakan yagi bakin tufarsa a raba uku, ɗaya a ɗakin, ɗaya wurin mai riƙo, ɗaya ya tafi da shi ya adana, ko ya bar wa 'ya'yansa.

Biron ya tsaya a sama. Malam bai dube ta ba. Idonsa ya sauka a gefen teburin, ya daɗe a wurin.

"Wane irin ƙyalle?" ya tambaya, muryarsa ta canza.

Ta buɗe jaka, ta ɗora shi a kan teburin. Shuɗi mai ɗigon rawaya, nata ya fi haske domin bai sha hannu ba.

Ya jawo makullan. Ƙullin ya shekara huɗu ba a kwance ba, sai da ya sa haƙori. Ya shimfiɗa nasa kusa da nata, ya matsa su da yatsa. Yagar ta bi ta tsakiyar wani ɗigon rawaya, rabi a nan, rabi a can, suka haɗu ya cika.

Ya ɗora tafinsa a kansu. Can ya fara magana, ba da ita ba sosai. Ya ce a asibiti mahaifiyarsa ta ciro shi daga bakin zanenta ta damƙa masa, lokacin harshenta ya riga ya yi nauyi. Abin da ya iya ji kawai shi ne kada ya yar. Ya tambayi 'yan'uwa, babu wanda ya sani. Shekara biyu da ta yi a gidansa, kullum sai ya sayo mata dawa mafi tsada a kasuwa, kullum ta ci loma biyu ta ce ta ƙoshi. Shi ya ɗauka tsufa ne.

"Wa ya riƙe?"

"Mamata, Malam, amma a Disamba za mu tashi. A bayan kicin ɗinmu, nan kwatas."

Ya rufe ido. Kwatas ɗin da yake wucewa ta gabansa kullum da safe.

"Bayan sun ji ta rasu, suka ci gaba da shukawa?"

"Tsohuwar ta ce mai irin ba ta ce a daina ba."

Malam Mas'udu ya cire tabarau, ya daɗe yana goge shi da bakin riga, ko da yake ba tabarau ne ya jiƙe ba. Agogon bango ya nuna huɗu saura minti huɗu. Ya ture jan biron gefe, ya laluba aljihu ya ciro shuɗi, ya sa hannu a ƙasan layin da ta rubuta a mota, sannan ya ƙara sunanta a ƙarshen jerin. Sa hannun ya ɗan karkace.

"Kada ki ɗauka don wannan na sa hannu. Maudu'in ne ya yi."

"Na sani, Malam."

Ya ɗauki fayil ɗin ya miƙe. Ta kai hannu za ta ɗauki ƙyallen mamarta, sai ya ɗora yatsa a kai. Ya ce ai ta ce na mai riƙo ne, kuma masu riƙon za su tashi. Akwai fili a bayan gidansa, sai dai rabonsa da fartanya tun yana sakandare, ko mamarta za ta yarda ta nuna masa yadda ake yi kafin Disamba? Jessica ta ce za ta yarda, amma ya fara tara tsofaffin safa. Bai gane ba, bai kuma tambaya ba. Ya ninke ƙyallen biyu tare ya sa a aljihun gaba.

Har ya kai bakin ƙofa ya tsaya, ya juyo, fayil a ƙirji.

"In na isa Dakko, gidan wa zan ce?"